Fita da yaran nazare karatu a gindin itatuwa: ina za a je, me za a yi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamai da masana itace. Aji ne na 'yan shekara 4 zuwa 6, yara 28, a nan cikin Daura. Ana son a riƙa fita da su sau ɗaya a mako su san itatuwa da tsuntsaye da ƙwari da idonsu, maimakon hoton tuffa da ke cikin littafinsu. Ina ya kamata a kai su? Manya nawa za su raka? Ƙarfe nawa? In an je me za a sa su yi? Don Allah a warware mana dalla-dalla.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wane daji kuma? A wannan zamani da ko manya ba sa dosar dajin Rugu? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malamin Daji:
Baban Amira, kwantar da hankalinka, ba wanda ya ambaci Rugu. Tana can yamma wajen Safana da Batsari, kuma ko lafiya lau take ba wurin ɗan shekara 5 ba ne.

Hajiya, abin da kike nema fili ne wanda bai wuce tafiyar minti 10 da ƙafar yaro daga makaranta ba, mai icce iri 5 ko 6. A ƙasar Daura wannan ba ya wuya, don mu dajinmu cikin gonaki yake: gawo, kuka, tsamiya, aduwa, magarya, kalgo, sabara, ga darbejiya ko ta ina. Akwai shingayen itatuwa da aka dasa a yankin nan don tare iska da rairayi, amma su yawanci iri ɗaya ne ko biyu a jere, darbejiya da turare, yaro ba zai ga bambancin kirki ba. Tsohuwar gonar gefen gari ta fi su nesa ba kusa ba.

Girman wurin kada ya wuce taku 40 a tsaye, 40 a kwance, yadda babba zai tsaya tsakiya ya ga kowane yaro. A nemi izinin mai gona, a sanar da mai unguwa. A kuma zaɓi gonar da ke da ɓangaren da ba a nomawa, in ba haka ba gero na tasowa an rasa wurin zama.

Sai babbar maganar: wuri ɗaya za a riƙe, kowane mako, shekara ta zagayo. Kada yau nan gobe can. Dalili kuwa shi ne icce ba ya nuna halinsa a rana ɗaya. Ki dubi gawo da kuka. Ruwa na sauka gawo zai zubar da ganye ya tsaya tsirara duk damina, sai wajen Oktoba ya sake tofo, ya yi fure, cikin rani ya zubo 'ya'yansa masu lanƙwasa awaki su yi ta rububi. Kuka kuwa akasin haka take, da rani ba ganye ko ɗaya, gab da damina ta tofo. Yaron da ke zuwa gindin waɗannan biyu duk mako shi da kansa zai ce "Malama, wannan ya mutu", bayan wata 4 kuma ya ga ƙarya ne. Wanda aka kai sau ɗaya aka ɗau hoto aka dawo, yawon buɗe ido ya je.

Malamar Kwaleji:
Baba Malamin Daji ya gama magana kan wuri. Ni bari in taɓa tsari.

Yara 28 a tashi ɗaya sun yi yawa. A raba su biyu, 14-14, rukuni ɗaya Talata, ɗaya Alhamis. 'Yan shekara 4, babba ɗaya ga yara 4 ko 5. 'Yan 5 zuwa 6, babba ɗaya ga 6 ko 7. Kuma ko yaran 8 ne kawai, manya kada su gaza 3: in wani abu ya faru ɗaya ya ɗauki yaro, ɗaya ya yi waya ya nemo abin hawa, ɗaya ya riƙe saura. Ba sai malamai ba, iyaye mata da kakanni da mai gadi duk suna shiga lissafi, muddin an gaya wa kowa yaran da ke hannunsa da sunansu.

Tsawon zama minti 45 a makonni 3 na farko, daga baya a kai awa ɗaya da kwata. Makonnin farkon nan ma ba darasin icce ake yi ba, iyaka ake koyarwa. A ɗaura jan ƙyalle a kusurwa huɗu, a zagaya da yara da ƙafa suna taɓa kowane ƙyalle. A koya musu usur: busa ɗaya kowa ya tsaya inda yake, busa biyu kowa ya taho tabarma. A mai da shi wasa, a maimaita har ya zauna. Inda ake tafka kuskure shi ne a tsallake wannan a faɗa darasi ranar farko, sai malama ta ƙare da bin yara da tsawa, ta dawo ta ce abin ba ya yiwuwa.

Ƙirga kai sau 4: bakin ƙofar makaranta, isa wuri, kafin tashi, dawowa. Da suna ake kira, ba da lamba kaɗai ba, don yaran unguwa kan shigo cikin ayari lissafi ya cika alhali naki ɗaya ba ya nan.

Ga masu tambayar asalin tsarin, a Danmak aka fara irin waɗannan makarantu cikin shekarun 1950, ya shiga Ingila a 1993. Sai dai su sanyi da laka suke fama da su, mu rana da ƙaya da maciji, don haka jadawalinsu ba ya yi mana aiki in an kwafo shi yadda yake.

Sista Nas:
To tunda an zo rana da maciji, nawa ke nan.

Lokaci: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka a fita 7:30, a dawo kafin 9:30, ba ƙari. Da hunturu a jira hantsi, wajen 9:30 ko 10:00, kuma ranar da hazo ya yi kauri a fasa, musamman in akwai mai asma ko mai sikila a ajin. Mai sikila sanyi da ƙishirwa duk suna tayar masa da ciwo, a sa shi gaba wajen shan ruwa da rigar sanyi. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, gindin icce ne wuri mafi haɗari, a koma aji tun kafin iska ta taso. Kududdufi kuma ko kusa, ga nutsewa ga tsargiya.

Ruwa rabin lita ga kowane yaro, da jarka mai lita 10 daban don wanke hannu da ido. A sha kafin a tashi, a sha a tsakiya, kada a jira yaro ya ce yana jin ƙishi. Yaron da ya yi lagwas, ya daina wasa, yana kukan ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu na leda: lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya rikice ko ya kasa sha, asibiti.

Takalmi rufaffe, kambas ko sandal mai safa. Silifas ba ya tare ƙayar aduwa, balle tsidau da ƙarangiya. 'Yan mata a sa musu wando da gajeren hijabi, dogo yana sarƙewa a magarya, ita kuwa ƙayarta biyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya ƙugiya.

Baban Amira:
Sista, kin ga abin da nake faɗa. Ƙaya, kunama, maciji. Mun biya kuɗin makaranta yaro ya iya ABCD da 123, ba ya dawo da kumburarriyar ƙafa ba.

Sista Nas:
Alhaji, kunama har cikin takalmi a ɗaki tana shiga. Abin yi shi ne a san inda suke ɓuya. Babba ɗaya ya riga yara zuwa da minti 20, da doguwar sanda da takalmin roba, ya duba gindin itatuwa, tarin kara, ramuka, tsohon suri, ƙarƙashin dutse da kututture. Ya ɗaga kai ya duba busasshen reshe da gidan rina da zirnaƙo. Doka ga yara guda ce: hannu ba ya shiga rami, ba ya shiga ƙarƙashin abu. In za a juya dutse, babba ne zai juya da sanda, ya jawo shi ta wajensa yadda abin da ke ƙasa zai gudu ta can gaba.

In ƙaddara ta faɗa maciji ya yi sara: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, ba baƙin dutse. Kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna a arewa, dafinta hana jini daskarewa yake, to wanda ya tsaga wurin ya buɗe wa jini ƙofa. A kwantar da yaro, a cire masa takalmi da awarwaro ko zobe kafin kumburi, a tallafe ƙafar da kara ko katako kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Tun kafin a fara fitar nan a bincika asibitin da ke ajiye allurar dafin maciji, a riƙe lambar mai mota ko mai Keke. In mai tofi ne ya fesa a ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 sannan a tafi. Harbin kunama a ƙaramin yaro ma asibiti ake kaiwa, jikinsa ba irin na babba ba ne.

Malamin Daji:
Ƙari kan na Sista. Tabarma a shimfiɗa ta gindin tsamiya ko cediya ko darbejiya. Gawo na kallo ne, ƙarƙashinsa ƙaya ce. Giginya mai 'ya'ya kada a zauna mata, ɗa ɗaya in ya faɗo ya isa ya fasa kan yaro. Kuka mai kogo a tsaya nesa a fara kallon sama, zuma na son kogonta, kuma a lokacin zafi faɗa gare ta. Ranar fita ba turare mai ƙarfi.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi zai fara hana iyaye sa hannu a takarda: maganar iskoki a kuka da tsamiya. Kada malama ta yi wa uwa dariya a kan wannan, za ta rasa yaron ne kawai. A gaya musu da safe ake fita, ba tsakar rana ba, ba magariba ba, ana addu'ar fita daga gida kafin a tashi, kuma ba yaron da zai shiga kogon icce. Wannan na ƙarshe ai ya yi daidai da abin da Baba ya faɗa, ko ba don komai ba don zuma da maciji. A gayyaci kaka ɗaya ko biyu su bi ayari, su ne za su kwantar da hankalin saura, kuma sun fi malamar sanin sunan ciyayi.

Na biyu, danƙo ya zauna a gida. Yaranmu maza da sun ga ƙadangare sai jifa. A kafa doka tun ranar farko: abin da aka kama don kallo ana mai da shi inda aka ɗauko shi da ransa. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Yaro ɗan shekara 5 yana gane wannan sarai.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai. To an isa, an ƙirga, an sha ruwa. Sai me? Tsorona kada a je a tsaya ana kallon juna.

Malamar Kwaleji:
Hajiya, abin tsoron ma ba shi ne ba. Abin da ya fi faruwa shi ne malama ta kwaso aji ta kai gindin icce: yara a jere, ita a tsaye, "ku ce tsamiya", "tsamiyaaa". In haka ne gara a zauna a ɗaki. Maganar malama gaba ɗaya kada ta wuce minti 10. Aiki ɗaya tak a kowace fita, sauran lokacin a bar su su tono abin da ya ja hankalinsu, babba na kusa yana tambaya: me ka gani, ina ya tafi, yaya yake a hannu.

Ayyukan da ke tafiya da wannan shekaru:

Neman uwar ganye. A tsinko ganye 5 tun da safe, a ba yara biyu-biyu ganye ɗaya su nemo iccen da ya fito. A fara da masu saukin bambanta: kalgo mai tsage a tsakiya, kuka mai yatsu, darbejiya mai baki irin na zarto, sabara mai toka-toka. Tsamiya da gawo da bagaruwa a bar su sai gaba, dukkansu ƙananan ganye ne a jere, suna rikita yaro.

Zanen ɓawo. Takarda a jikin icce, a goga gawayi a kwance. Kuka za ta fito sumul, tsamiya da darbejiya da tsage-tsage. In takardar siririya ce tana yagewa, a samo ta buhun siminti a kakkaɓe, ko bayan tsohuwar kalanda.

Awon kauri. Yara nawa za su riƙe hannu su zagaye kuka, nawa za su zagaye darbejiya. Ga 123 ɗin Baban Amira nan, har da "ya fi" da "bai kai ba".

Sauraro. Kowa ya rufe ido minti ɗaya, duk sautin da ya ji ya ajiye tsakuwa ɗaya a gabansa. Minti ɗaya ne fa, in an ce 5 sai dariya ta ɓarke.

Sawu. Da yamma mai gadi ya share wani ɗan wuri mai rairayi ya lallashe shi da tsintsiya. Da safe za a tarar da sawun kurciya, ƙadangare, buzuzu, wani lokaci bushiya. Wannan yana cinye fita guda cur, kuma yaran da ba sa magana a aji a nan bakinsu ke buɗewa.

Abin da aka tsinta kowa ya ɗauki 3 kacal, kuma daga ƙasa. In ba a sa iyaka ba cikin wata ɗaya sun tsige duk reshen da hannunsu ke kaiwa.

Malamin Gona:
Ni ƙasa zan ƙara, don ana yawan kallon sama a manta da ita. A samo gwangwanin tumatir babba guda 2, a cire sama da ƙasa, a dandaƙe bakin kada ya yanki hannu. A danna ɗaya santimita 3 a ƙarƙashin gawo inda ganye da kashin awaki suka ruɓe, ɗaya a kan fako ko hanyar da aka tattake. A zuba ruwa kofi ɗaya a kowane, yara su yi ta tafi suna ƙirgawa har ya shanye. Na gindin gawo zai riga. Amma a kula, ƙasar nan tamu jigawa ce, in aka kafa na biyun a kan rairayi mai laushi ruwan zai wuce nan take, gwaji ya watse. Sai an nemi wuri mai tauri.

Na gara kuma, a ajiye karan dawa guda 3 a ƙasa a inuwa, a rataye wasu 3 a reshe da igiya. Bayan mako 2 ko 3 na ƙasa gara ta lulluɓe su da ƙasa ta cinye cikin, na sama suna nan. Daga nan yaro zai fahimci inda ganyen da ya zuba ke tafiya. Da damina a kai su gefen gona su gwada tsawon geron da ke ƙarƙashin gawo da na fili, su auna da jikinsu.

Malamin Daji:
Tsuntsaye ma da lokacinsu. Shamuwa wajen Afrilu zuwa Mayu take isowa, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu. A sa yara su yi gasar wanda zai fara ganinta, a rubuta ranar a bango, baɗi a gwada. Cilakowa kuwa macen shiga kogon icce take a liƙe ƙofar a bar 'yar tsaga, namijin na kawo mata abinci ta nan. In aka dace da irin wannan kogo a wurin, an sami darasin wata guda, daga nesa. Furen kuka da yamma yake buɗewa, jemagu ke zuwa masa da dare, kashegari ya faɗo, don haka yara a ƙasa za su tsince shi. A bari su shinshina, warinsa ma abin magana ne. Tutun ɗorawa kuma wajen Fabrairu da Maris, in akwai ta kusa.

Baban Amira:
To ci fa? Yaro ya ga magarya a ƙasa ai sai baki.

Sista Nas:
Nan ne nake da tsauri. Ba a cin komai sai an kawo wa babba ya gani, an wanke, an zauna kan tabarma. Magarya, kurna, kanya, aduwa, ɗinya, duk abinci ne, amma ƙwallonsu na shaƙe yaro in yana ci yana gudu, kuma ana tura shi a hanci ko kunne. In ya shiga hanci kada a sa tsinke, ƙara tura shi ake.

Waɗanda dole kowane babba ya gane su da ido: bini da zugu, wanda ake shinge da shi, 'ya'yansa na da ɗanɗanon gyaɗa shi ya sa yara ke cinsu da yawa, sai amai da gudawa. Zurma, 'ya'yanta masu zane. Zaƙami. Idon zakara, ja da ɗigon baƙi, kyakkyawa, kuma ƙwaya ɗaya da aka tauna na iya kisa. Sai duk mai nono, tumfafiya da aguwa da tinya, nonon in ya shiga ido a wanke minti 15 a tafi asibiti. Yaron da ya ci ɗaya daga cikinsu kada a sa shi amai dole, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a tsinki reshen a tafi da shi a nuna wa likita.

Malamar Kwaleji:
Na yarda da duka, illa ina so a bar su su san waɗannan da suna, a nuna musu a tsaye daga taku 2. Yaron da aka tumɓuke masa duk tumfafiyar fili zai gamu da ita a hanyar gida bai san ta ba.

Kuma hawa icce, ni ina ganin a bari, da sharaɗi: ba a ɗaga yaro a ɗora shi, inda ya iya kaiwa da kansa nan ne iyakarsa. Ƙafarsa kada ta wuce ƙirjin babban da ke tsaye. Reshen ya fi cinyarsa kauri. Ɗaya bayan ɗaya, ƙasa a share duwatsu.

Sista Nas:
Malama, a nan kam mun rabu. Karayar gwiwar hannu a yara daga irin wannan faɗuwa take zuwa, kuma matsalar ba karayar kaɗai ba, gida za a kai a ɗaure tamau da kara, hannu ya kumbura jini ya tsaya. In makaranta ta nace, to iyaye su sa hannu a rubuce cewa asibiti za a fara zuwa.

Malamin Daji:
Ni ba zan raba ku ba, amma in za a hau, tsamiya ce mai reshe mai jimiri. Zogale ɓallewa yake ba gargaɗi. Kuka santsi gare ta. Darbejiyar da aka sassare ta sake tofo, sabbin rassan ba su kama uwar da kyau ba, suna tsagewa daga gindi.

Shugaban Zaure:
Maganar hawa a bar wa kowace makaranta da kwamitin iyayenta. Masu turo tallan atamfa a tsakiyar muhawara don Allah a dakata. Baba, an tambaya ta gefe a kan dashe, ko za ka taɓa?

Malamin Daji:
Ranka ya daɗe. Dashe da yara yana da daɗi, amma nan ne aka fi kunyata. A fara da zogale: ba ya son wani gyara, zurfin santimita 2, cikin mako 1 zuwa 2 ya fito, yaro bai gaji da jira ba. Tsamiya a jiƙa kwana ɗaya. Kuka da gawo ɓawon irinsu tauri gare shi, in an shuka haka nan sai a yi watanni ba labari. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana. Wanda ya kumbura a shuka, wanda bai kumbura ba a ɗan ƙwarzane gefensa da abin yanke farce, nesa da idon irin, a sake jiƙawa. Wannan aikin babba ne. Kada a dafa irin a kan wuta, ya mutu ke nan. Darbejiya kuma ɗanyen iri take so, wanda ya yi 'yan makonni a ajiye sau da yawa ba ya tsira.

Ƙasar leda: kashi 2 ƙasar gona, kashi 1 taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen taki ƙone tsiro yake. Ledar fiya wata ta isa zogale da tsamiya na ɗan lokaci in an huda mata ƙasa wuri 4, amma ta yi wa gawo gajarta, saiwarsa ƙasa take nutsawa tun yana ƙarami, sai doguwar baƙar leda. Duk mako 2 a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, in ba haka ba saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke. Yara kan kashe tsiro da yawan ban ruwa, kowa na son ya zuba, don haka a ba su gwangwanin madara ƙarami, ɗaya da safe, a yi juyi. A kare daga kaji da ƙadangaru.

A shuka a Maris ko Afrilu, a dasa a Yuli in ruwa ya zauna, rami santimita 40 faɗi da zurfi, a cire ledar. Damina za ta riƙe shi lokacin dogon hutu. Mutuwar tana zuwa ne bayan kaka in an saki dabbobi, da kuma Maris zuwa Mayu. Saboda haka icce 5 masu kariyar ƙaya ko bulo da mai ba su ruwa a hutu sun fi 50 da za a dasa ranar biki.

Malamin Gona:
Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, sassaben zamani, wanda aka faro a Maraɗi a shekarun 1980, wani Ba'ostireliya Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Kututturen sabara ko kalgo da ake sassabewa duk shekara saiwarsa na nan da rai. A zaɓi tofo 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a bari, a yanke saura, a rage rassan gefe zuwa rabin tsawo, da wuƙa mai kaifi ana yankowa daga ƙasa zuwa sama kada ɓawo ya salluɓe. Yara su ɗaura ƙyalle, duk wata su auna da kara su yi alama. Ba ban ruwa, kuma ya fi dashe saurin tashi. Sai dai a gaya wa mai gona da masu kiwo, don ƙyalle kaɗai ba ya hana gatari.

Baban Amira:
Wannan na Maraɗi na yarda da shi. In manya 3 ne kuma kafin 9:30, a sa sunana cikin masu rakiya, amma hawa icce ban sa hannu ba.

Maman Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura ɗaya Baba, irin gawo a ina ake samu?

Malamin Daji:
A gindinsa, cikin rani, da sassafe kafin a saki awaki. A tsinto busassun 'ya'yan, a daka a turmi sama-sama, a sheƙe. A zuba irin a ruwa, wanda ya taso ƙwaro ya huda shi, a zubar. Na ƙasa a shanya a inuwa, a sa a kwalba da ɗan toka a rufe. In an makara awaki sun riga, a duba garkensu, irin na fita cikin kashinsu lafiya lau, kuma sau da yawa ya fi wanda aka daka saurin tsira. Yaran su tsince shi da tsinke, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.